Keke da Lafiyar Dattawa: Darasi Domin Iyali

Manufar darasi

Wannan darasi zai nuna abin da hawan keke yake yi wa jikin mutumin da ya manyanta, da irin dattijon da ya kamata ya hau da wanda ya kamata ya dakata tukuna, da kuma aikin da ya rataya a wuyan 'ya'ya da jikoki cikin wannan al'amari. Yana da kyau iyali su karanta shi tare, dattijon gidan ko dattijuwar gidan suna zaune, gama maganar tasu ce.

Gabatarwa

A shekarun baya keke shi ne abin hawan mai rufin asiri. Malamin makaranta, da mai bishara, da ɗan kasuwa, da ma'aikacin asibiti, kowanne yana da Raleigh ko Phoenix ɗinsa, yana goge shi, yana ɗiga wa sarƙa mai, kuma a kansa yakan yi tafiyar mil goma ko ashirin daga ƙauye zuwa ƙauye ba tare da ya ɗauke ta wani abu ba. Da babura da motoci suka yawaita, sai keke ya koma lungun ɗaki, tayoyinsa suka sace, har wasu suka fara ganinsa alamar talauci. Samarin da suka yi waccan tafiya su ne dattawan yau, kuma da yawa cikinsu 'ya'yansu ne suka raba su da keke, wasu saboda tausayi, wasu kuwa saboda kunyar kada a ce mahaifin ma'aikaci yana tuka keke. Dattijo ya koma zaman kujera a ƙofar gida daga safe har yamma, kafin shekara biyu ko uku sai a ga tashi daga kujerar ma ya zama aiki. Iyali sukan ce tsufa ne ya zo. Masu binciken lafiya sun gano cewa babban rabo na wannan rauni daga zaman yake fitowa.

1. Tsufa da zama wuri ɗaya

Daga wajen shekara 30 tsokar jikin mutum takan fara raguwa da kimanin kashi 3 zuwa 8 cikin 100 a kowace shekara goma, kuma raguwar takan ƙara sauri bayan shekara 60. Tsokar cinya da ta ɗuwawu su ne suke ɗaga mutum daga zaune, su hau da shi tudu, su tare shi idan ya yi tuntuɓe. Sa'ad da suka yi rauni, dattijo yakan fara dogara ga wani a abubuwan da dā yake yi wa kansa. Waɗannan tsokoki kuwa su ne ainihin waɗanda suke aiki idan ana taka fedar keke.

A shekarar 2018 masana daga Jami'ar Birmingham da Kwalejin King's ta Landan, a ƙasar Ingila, suka wallafa sakamakon binciken da suka yi a kan mutum 125 masu shekaru 55 zuwa 79, maza 84 da mata 41, waɗanda suka daɗe suna hawan keke. Sun gwada su da wasu tsararrakinsu masu lafiya amma marasa motsa jiki, da kuma matasa masu shekaru 20 zuwa 36. Aka tarar ƙarfin tsokar masu keken bai zube ba kamar yadda aka saba gani ga masu shekarunsu, kitsen jikinsu kuma bai ƙaru da shekaru ba. Abin da ya fi ba masanan mamaki shi ne garkuwar jikinsu. Akwai wani ɗan ƙullutu a bayan ƙashin ƙirji da likitoci suke kira taimos, wanda yake samar da wani nau'in ƙwayoyin jini masu yaƙi da cuta. Wannan ƙullutu yakan fara shanyewa tun mutum yana saurayi, amma na waɗannan dattawa an same shi yana samar da ƙwayoyin kamar na matasa.

Akwai kuma labarin Robert Marchand, mutumin Faransa, wanda aka haifa a 1911 ya rasu a 2021. Ya koma hawan keke sosai bayan ya wuce shekara 65. A 2012, yana da shekara 100, ya yi tafiyar kilomita 24 da 'yan kai cikin awa ɗaya. A 2014, yana da shekara 102, ya yi kusan kilomita 27, watau ya fi ƙarfi a kan yadda yake shekara biyu baya. A 2017, yana da shekara 105, ya yi kilomita 22 da rabi. Ba a neman kowane dattijo ya zama kamarsa. Darasin da ke cikin labarinsa shi ne, jiki ba ya daina amsa horo saboda yawan shekaru.

2. Zuciya da hawan jini

Zuciya ita ma tsoka ce, kuma aiki ne yake ƙarfafa ta. Idan mutum yana taka keke, tsokokin ƙafa sukan nemi ƙarin jini, sai zuciya ta ƙara bugawa, jijiyoyin jini su buɗe domin ya wuce. Idan ana maimaita haka kwana da kwanaki, zuciya takan iya tura jini mai yawa a bugu ɗaya, jijiyoyi kuma su rage tauri. Shi ya sa mai hawan jini da yake motsa jiki a kai a kai yakan ga lambar sama ta awon jininsa ta sauka da kimanin maki 5 zuwa 8. Wannan saukowa tana rage haɗarin shanyewar ɓarin jiki da bugun zuciya, cututtukan da suka kwantar da dattawa da yawa a gidajen Nijeriya.

A 2017 masana daga Jami'ar Glasgow suka bayyana abin da suka gani bayan sun bi lafiyar mutum fiye da 260,000 a Birtaniya har shekara biyar. Waɗanda suke zuwa wurin aiki a kan keke, haɗarin kamuwarsu da ciwon zuciya ya yi ƙasa da na masu zuwa a mota da kashi 46 cikin 100, na ciwon daji da kashi 45, na mutuwa ta kowace irin cuta cikin wannan lokaci kuma da kashi 41. Gaskiya ne cewa mai lafiya ne ya fi saurin ɗaukar keke tun farko, saboda haka masanan suka yi la'akari da shan taba, da ƙiba, da abinci, da sauran abubuwan da za su iya rikita lissafi, duk da haka bambancin ya tsaya.

Sai dai a lura, keke ba ya maye gurbin magani. Wanda likita ya ɗora a kan maganin hawan jini ya ci gaba da sha, ya kuma riƙa zuwa awo. Likita ne kaɗai zai rage masa idan ya ga jinin ya daidaita.

3. Ciwon suga

Tsoka mai aiki tana jan suga daga cikin jini domin ta ƙona shi, kuma bayan an sauka daga keke jiki yakan ci gaba da amsa sinadarin insulin da kyau har kwana ɗaya ko biyu. Wannan ne dalilin da ya sa ake shawartar mai ciwon suga kada ya yi fiye da kwana biyu a jere bai motsa jiki ba.

A ƙasar Denmak an bi lafiyar mutum fiye da 52,000 masu shekaru 50 zuwa 65, aka wallafa sakamakon a 2016. Masu hawan keke sun fi sauran tsira daga irin ciwon sugan da yake kama manya. Abin ƙarfafawa a nan shi ne, waɗanda dā ba sa hawa, suka fara bayan sun manyanta, haɗarin kamuwarsu ya ragu da kashi 20 cikin 100 idan an gwada da waɗanda ba su fara ba sam. Saboda haka dattijon da yake cewa lokaci ya wuce masa ba shi da hujja.

Mai ciwon suga da yake shan magani ko yake yin allura kada ya hau keke da yunwa, gama suga zai iya faɗuwa ƙwarai. Ya riƙe alewa ko ƙwayar sukari a aljihu, idan ya ji rawar jiki ko gumi mai sanyi ko jiri ya tsaya nan take ya sha. Ya sa takalmi mai rufe ƙafa, ya kuma duba tafin ƙafarsa idan ya dawo, domin ƙaramin rauni a ƙafar mai suga yakan daɗe bai warke ba.

4. Gwiwa da gaɓoɓi

Dattawa da yawa sun daina doguwar tafiya a ƙasa saboda ciwon gwiwa. A kowane taku gwiwa takan ɗauki nauyin da ya ninka na jiki sau biyu zuwa uku. A kan keke kuwa sirdi ne yake ɗaukar yawancin nauyin, gwiwa tana lanƙwashewa tana miƙewa ba tare da ana buga ta da ƙasa ba. Guringuntsin da ke cikin gwiwa ba shi da jijiyoyin jini nasa, daga ruwan da ke cikin gaɓar yake samun abinci, motsi kuwa shi ne yake zagaya da wannan ruwa. Ga shi kuma tsokar cinya idan ta yi ƙarfi takan riƙe gwiwa ta rage mata wahala.

Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2024, a kan mutum wajen 2,600 waɗanda yawancinsu sun haura shekara 60, ya nuna cewa waɗanda suka yi hawan keke a wani lokaci na rayuwarsu sun fi sauran tsira daga yawan ciwon gwiwa da kashi 17 cikin 100, daga amosanin gaɓa mai ciwo kuma da kashi 21. Amma gwiwar da ta kumbura, ta yi zafi a taɓawa, ba ta bukatar keke a wannan lokaci. Asibiti take bukata.

5. Zuciya mai sanyi da zumunci

Amfanin keke bai tsaya ga tsoka da jini ba. Motsa jiki yana taimakawa wajen samun barci mai kyau, yana kuma rage damuwa da baƙin ciki, waɗanda sukan addabi wanda ya bar aiki ko wanda abokin zamansa ya rasu. Mai tuka keke kuma dole ya lura da hanya, ya auna nisa, ya yanke shawara cikin sauri, wannan kuwa aiki ne ga ƙwaƙwalwa.

Akwai wani amfanin da ba a iya aunawa a asibiti. Dattijon da yake da keke yana zuwa gona ya duba shukarsa, ya je gaisuwar mara lafiya, ya halarci sujada da taron zumunta, ba sai ya jira wani ya kai shi ba, ba sai ya roƙi kuɗin babur ba. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 kuɗin abin hawa ya ninka, dattawa da yawa masu dogara ga ɗan fansho suka rage fita. Kaɗaici kuwa yana cin mutum kamar yadda cuta take ci. Wannan magana ta haɗa da mata. A ƙauyukan ƙasar Igbo ba abin mamaki ba ne a ga dattijuwa ta ɗaure kayanta a kariya tana tukawa zuwa kasuwa, kuma ba wanda yake ganin mutuncinta ya ragu.

6. Abin da keke ba ya yi

Domin sirdi ne yake ɗaukar nauyi, keke ba ya ƙarfafa ƙashi kamar yadda tafiya a ƙasa take yi, gama ƙashi sai ya ɗauki nauyi yake ƙara kauri. Wannan yana da muhimmanci musamman ga matan da suka daina al'ada, waɗanda ƙashinsu yakan yi saurin rauni. Haka nan keke ba ya ba hannuwa da kafaɗu aiki sosai.

Ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2020 ga masu shekara 65 zuwa sama ta ƙunshi abu uku. Na farko, motsa jiki matsakaici na minti 150 zuwa 300 a mako. Na biyu, aikin ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu a mako. Na uku, atisayen daidaita tsayuwa domin kauce wa faɗuwa, aƙalla kwana uku a mako. Keke na minti 30 sau biyar a mako ya cika na farko. Sauran biyun ana iya cika su a gida: tashi da zama a kan kujera sau goma ba tare da dafa hannu ba, tsayuwa da ƙafa ɗaya ana dafe da bango, tafiya a ƙasa, da ƙananan ayyukan lambu.

7. Wanda ya kamata ya ga likita tukuna

Rigakafi ya fi magani. Kafin dattijo ya koma kan keke, ya je a auna jininsa da sugansa, a kuma duba idonsa. Waɗannan mutane kada su hau sai da izinin likita:

(a) wanda yake jin ciwo ko nauyi a ƙirji, ko numfashinsa yake sarƙewa da ɗan ƙaramin aiki;
(b) wanda yake fama da jiri, ko ya taɓa suma, ko yake da farfaɗiya;
(c) wanda ya taɓa samun shanyewar ɓarin jiki ko bugun zuciya;
(d) wanda hawan jininsa bai daidaita ba tukuna;
(e) mai yanar ido ko wanda jinsa ya ragu ƙwarai;
(f) wanda aka yi wa aiki ba da daɗewa ba, ko mai matsalar fitsari da zama a kan sirdi yake tsananta masa.

Ga wanda tsayuwarsa ba ta da ƙarfi, akwai keken motsa jiki na cikin ɗaki, wanda ake takawa ba ya tafiya, akwai kuma keke na feda mai ƙafa uku. Amfaninsu ga zuciya da tsoka ɗaya ne da na keken hanya, haɗarin faɗuwa kuma kaɗan ne. Ko da an riga an fara, duk wanda ya ji ciwon ƙirji, ko jiri, ko zuciyarsa tana bugawa ba bisa tsari ba, ya sauka nan da nan, a kai shi asibiti.

8. Yadda za a fara

Sannu ba ta hana zuwa. A makonni biyu na farko minti goma a fili mai laushi, kamar filin makaranta, sau uku a mako ya isa. A nan dattijo zai sake saba wa hawa da sauka da riƙe birki. Daga nan a riƙa ƙara minti biyar kowane mako har a kai minti talatin. Ma'aunin sauri mai sauƙi ne: idan yana iya magana amma ba ya iya rera waƙa, saurin ya yi daidai. Idan magana ma ta gagara, ya rage. A wuraren tuddai kamar ƙasar Filato, ba laifi ba ne a sauka a tura keke har a hau gangaren.

Keken ma yana bukatar shiri. A kai shi wurin mai gyara ya duba birki da taya da sarƙa, ya sa ƙararrawa da fitila. Keken da ba shi da ƙarfen tsakiya, wanda ake kira keken mata, shi ya fi dacewa da dattijo ko namiji ne, domin tsofaffi da yawa a wajen hawa da sauka sukan faɗi. A daidaita sirdi yadda gwiwa za ta ɗan lanƙwashe sa'ad da feda ta kai ƙasa, kuma yadda yatsun ƙafa za su taɓa ƙasa idan an tsaya. Sirdin da ya yi ƙasa da yawa yana kawo ciwon gwiwa. A guji babbar riga ko zanen da zai shiga cikin sarƙa.

Hanya ita ce babban haɗari. A 2001 Ministan Sufuri na lokacin, Ojo Maduekwe, ya yi ta kira ga 'yan Nijeriya su koma kan keke, shi kansa yana hawa a Abuja, har wata rana motar bas ta ture shi gefen hanya. Ko a ƙasar Holan, inda aka ware wa kekuna hanyarsu dabam, dattawa ne suka fi yawa cikin masu keken da suke rasa rai a haɗari, gama jikin tsoho ba ya jure buguwa kamar na yaro. Saboda haka dattijo ya nisanci manyan tituna da wuraren da babura da tireloli suke gudu, ya bi hanyoyin unguwa da na gona. Ya fita da sassafe ko da la'asar sakaliya, ya dawo kafin duhu, ya sa tufa mai haske. Ya sha ruwa kafin ya fita, ya kuma riƙe gora, domin ƙishirwa ba ta saurin sanar da tsoho. A lokacin hunturu, ranar da hazo ya yi kauri, mai ciwon asma ko tari ya haƙura. Hular kwano kuwa wajibi ce, gama bincike ya nuna tana rage raunin kai da kimanin rabi.

9. Aikin iyali

Girmama iyaye ya haɗa da barinsu su yi abin da jikinsu yake iyawa. Ɗan da ya ɓoye keken mahaifinsa domin kada mutane su yi magana, sunansa ya kare, lafiyar mahaifin kuwa ta tafi. Abin da ya fi shi ne ya kai mahaifin asibiti a duba shi, ya biya kuɗin gyaran keke, ya sayi hular kwano, ya kuma nemo masa hanya mai lafiya. Jika zai iya raka kakansa a nasa keken, su tafi suna hira. Dattawan unguwa ɗaya ko na ikilisiya ɗaya za su iya sa ranar fita tare, domin wanda ya san ana jiransa ba ya saurin yin kasala, kuma idan wani abu ya faru akwai mai taimako. Dattijo shi ma yana da nasa hakki: ya faɗi inda za shi, ya riƙe waya, kada kuma ya ɓoye wa iyalinsa idan ya faɗi ko ya ji wani sauyi a jikinsa. Ranar da ido ko tsayuwa suka kasa, ya karɓi shawarar komawa keken ɗaki ba tare da fushi ba.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Awa nawa dattijo ko dattijuwar gidan suke yi a zaune kowace rana?
2. Idan sun daina hawan keke, mene ne ya raba su da shi, rashin lafiya ko maganar mutane?
3. Yaushe rabon da a auna musu jini da suga, a kuma duba idonsu?
4. Wace hanya ce a unguwa ta fi dacewa da mai shekaru?
5. Wane ne cikin iyali zai ɗauki nauyin gyaran keke, wane ne kuma zai riƙa rakiya?

Kammalawa

A 2018 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware ranar 3 ga watan Yuni ta zama Ranar Keke ta Duniya, saboda sauƙinsa da arharsa da amfaninsa ga lafiya. Hausawa sun ce lafiya uwar jiki, babu mai fushi da ke. Tsufa ba shi da magani, amma raunin da zama yake kawowa ana iya jinkirta shi shekaru masu yawa. Iyalin da suka karanta wannan darasi su amsa tambayoyin nan biyar a cikin wannan mako, su kai dattijonsu awo, sa'an nan su fito da tsohon keken daga lungu su kai shi wurin mai gyara.